Ƙashi Ya Tsiro a Gwiwar Hannu: Yadda Ake Gane Lokacin da Ya Dace a Cire Shi

Aikina gashin ƙashi ne a wani asibiti a Kano, kuma a duk gaɓoɓin jiki babu mai taurin kai irin gwiwar hannu. Mutum ya faɗo daga babur ko daga tsani, gwiwar ta goce ko ta karye, a gyara, a cire siminti, sai maimakon hannu ya riƙa sakewa, kullum ƙara ƙagewa yake. A ɗauki hoto, a tarar wani ƙashi ya tsiro a inda ba wurin ƙashi ba: cikin tsoka, ko a jikin jakar da ta lulluɓe gaɓar. A katin asibiti za ka ga likita ya rubuta HO, wato gajeren sunan wannan tsiro a Turance. Daga ranar, tambaya ɗaya ce a bakin mara lafiya da 'yan uwansa: yaushe za a cire?

Ga wanda rauni ne kawai ya jawo masa, amsar a yau ita ce wajen wata shida bayan raunin, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Ba sati shida ba, ba kuma shekara biyu ba kamar yadda aka koya wa na gaba da mu. Sai dai kalanda ba ita ce alƙali ba. Hannun ake dubawa, da hoton, da mai hannun.

Da farko, shin aikin ma dole ne?

Ba duk ƙashin da ya tsiro ake taɓawa ba. Akwai wanda za a gan shi ɓaro-ɓaro a hoto, amma bai tare komai ba. Irin wannan ƙyale shi ake yi. Likitocin ƙashi suna amfani da rabon da wasu likitoci biyu, Hastings da Graham, suka yi a 1994: mataki na ɗaya, ƙashin yana nan amma hannu na aikinsa, na biyu, ya rage motsi, ko na tanƙwarawa da miƙewa, ko na juya tafin hannu, ko duka biyun, na uku, ya kulle gaɓar gaba ɗaya. Maganar tiyata daga na biyu take farawa.

Lafiyayyar gwiwa tana tafiya daga miƙe samɓal, wato digiri 0, zuwa wajen 145. A 1981 Bernard Morrey da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka auna mutane suna harkokin yau da kullum, suka ga mafi yawansu suna yiwuwa tsakanin digiri 30 da 130, tare da digiri 50 na kife hannu da 50 na juyo tafi sama. Har yanzu da wannan ma'aunin muke aiki, ko da yake kara waya a kunne yana neman tanƙwarawa fiye da 130.

Ni dai kafin in ɗauko ma'auni, tambayoyi nake yi. Lomar tuwo tana kaiwa baki, ko sai ka sunkuyar da kai ka tare ta a hanya? Kana iya ɗebo ruwa da tafi biyu ka wanke fuska a alwala? Kana shafa kai har ƙeya? Idan hagu ce, tsarki yana yiwuwa? Kana iya buɗe tafi ka karɓi canji, ko ka ɗaga hannu addu'a ba tare da ka karkace kafaɗa ba? Mace kuma, ɗaurin ɗankwali da goyo. Wanda ya rasa digiri 20 na miƙewa amma yana yin duk waɗannan, ba na ba shi shawarar shiga ɗakin tiyata don hannu ya yi kyau a ido. Wanda abinci ba ya kai masa baki, shi ne mai wannan rubutun.

Yadda ƙashin yake girma

Cikin makonnin farko babu abin da hoto zai nuna. Gwiwar dai ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo fiye da yadda ya kamata a ce tana yi a wannan lokacin, motsin da aka samu jiya a rasa shi yau. Sai wajen sati uku zuwa shida ake fara ganin wani fari dishi-dishi a hoto, ba shi da iyaka, ba ka iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare. Wannan ɗanye ne, cike yake da jini, yana kan girma. Tsakanin wata uku zuwa shida yakan ƙosa: gefensa ya fito sarai da layi mai kauri, cikinsa ya yi saƙa irin ta ƙashin gaske.

Da hannu ma ana ji. Idan na riƙe wuyan hannun mutum ina tanƙwara gwiwar a hankali, inda tsoka da jakar gaɓa ne suka ɗaure, ƙarshen motsin yana da ɗan bayarwa, in na dakata kaɗan sai ya ƙara sakin digiri biyu ko uku. Inda ƙashi ne ya tare, tsayawa take yi ƙam, wuri ɗaya, yau da gobe da jibi. Na farkon gashi da motsa jiki na iya cin ƙarfinsa. Na biyun ko shekara za a yi ana gashi, ba inda za shi.

An fi ganin wannan tsiro ga wanda gwiwarsa ta goce kuma ta karye a lokaci guda, da wanda ƙarshen ƙashin damtsensa ya farfashe, da wanda aka jinkirta yi wa aiki ko aka shiga wurin sau da yawa, da wanda aka ɗaure wa hannu tsawon lokaci. Sai masu buguwa a ka da suka daɗe a sume, da masu babbar ƙuna, waɗanda ƙashin kan tsiro musu a gwiwa ko da gwiwar ba ta ji rauni ba.

Abin da za ka yi kafin lokaci ya yi

Jiran nan ba na naɗe hannu ba ne. Ka nemi ƙaramin littafi. Duk zuwa gashi, ka roƙi a auna maka da ma'aunin kusurwa, wata roba ce mai ƙafa biyu da lambobi, a rubuta maka lamba huɗu: miƙewa, tanƙwarawa, kifewa, juyowa, da kwanan wata. Littafin nan ya fi bakinka iya bayani a gaban likitan tiyata, domin shi zai nuna ko hannun yana ci gaba ko ya tsaya. Hotunanka kuma ka tara su a jere, na farko har na ƙarshe, kada ka bar su a mota rana ta narkar da su. In a waya aka turo maka, ka adana da kwanan wata.

Motsa hannun da ƙarfin tsokarka, sau da yawa a rana, kaɗan-kaɗan, har inda ka ji ja amma ba azaba ba. Kada ka yarda wani ya danne maka shi da ƙarfi. A nan ne muke yawan samun saɓani da iyaye. Wani dattijo ya kawo ɗansa mai koyon walda, ya ce mini: "Likita, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gida mutum biyu ke riƙe shi, ƙanina ya miƙe hannun da man zafi." Na ce: "Baba, Allah Ya saka da alheri, niyyar mai kyau ce. Amma taɓa nan ka ji." Na ɗora hannunsa a gwiwar yaron, ta yi zafi rau, ta kumbura sumtum. Kowace dannawa tana yaga naman da ke ƙoƙarin warkewa, jini ya kwanta, kumburi ya dawo sabo, yaro ya ƙara ƙanƙame hannu don tsoro. Likitocin ƙashi sun daɗe suna danganta irin wannan murza da ja da tsirowar ƙashi a gwiwar hannu. Haka ba wa yaro bokitin ruwa ko dutse ya riƙa yawo da shi don hannu ya miƙe: tsokar gaban damtse ƙara ɗaurewa take yi, ba saki ba.

Ban ce masu ɗori ba su san komai ba, akwai karayar da suke haɗawa ta warke. Amma gwiwar hannu da ta goce ko ta karye ta cikin gaɓa ba tasu ba ce. In an riga an je, kada ka ɓoye wa likita. Ka faɗi kwana nawa aka ɗaure, sau nawa aka murza, ko an yi tsaga. Ba don a yi maka faɗa ba ne, lissafin lokaci ne yake canzawa.

Me ya sa aka daina jiran shekara biyu

Tsohuwar koyarwa ita ce a jira shekara ɗaya zuwa biyu, har sai wani hoto na musamman da ake yi bayan allura ya nuna ƙashin ya huce, gwajin jini na sinadarin ginin ƙashi kuma ya sauko. Tsoron shi ne in an cire shi ɗanye zai dawo, ya ma fi na da. A 1991 wani likitan ƙashi, Douglas Garland, ya ba da jadawalin da aka daɗe ana bi: wata shida ga wanda rauni ya jawo wa, shekara ɗaya ga mai raunin laka, wata goma sha takwas ga mai raunin ƙwaƙwalwa.

Daga baya likitoci suka fara shiga da wuri suna bibiyar sakamako. A 1997 McAuliffe da Wolfson suka ba da rahoton mutum takwas da aka cire wa tsakanin wata uku zuwa goma bayan rauni, aka bi su da haske irin na masu ciwon daji, ƙashin bai dawo ba. A 1999 Viola da Hanel suka yi wa wasu a wajen wata biyar zuwa shida, sakamako ya yi kyau. A 2015 likitoci a Shanghai suka kwatanta mutum fiye da ɗari, waɗanda aka yi wa kafin shekara da waɗanda aka yi wa bayanta, ba su ga na farkon sun fi samun dawowar ƙashin ba. Gwajin jinin nan da hoton allurar kuwa, an gane ba su faɗin ranar aiki yadda aka zata, yawancin likitoci sun daina jingina da su.

Jira kuma ba kyauta ba ne. Gaɓar da ba ta motsi guringuntsinta lalacewa yake yi. Jakar gaɓa ta yi kauri ta tsuke, tsokoki su gajarce su rame, ƙashin asali ya yi laushi har ya iya karyewa a wurin aiki, jijiya kuma sabon ƙashin ya zagaye ta. Ga tela ko direba ko manomi, shekara biyu ba hannu ba ƙaramin abu ba ne a gida.

Sharuɗɗan da ake son su cika

Na farko kuma mafi girma, karayar asali ta haɗe. Bayan an cire tsiron, washegari za a fara motsa gwiwar sosai, karayar da ba ta kama ba kuwa ba za ta ɗauka ba. In akwai ƙarfe a ciki, likita zai duba ko za a cire shi a zama ɗaya.

Sai fata da nama su kwanta. Babu miki a buɗe, babu ruwa ko mugunya, kumburi ya saɓe, ɗumin ya tafi, tabon aikin farko ya yi laushi. Gwiwar da ke da alamar ƙwayoyin cuta ba a sake buɗe ta don wannan aikin sai an magance su.

Sai hoto. Hotuna biyu da ke da tazarar sati huɗu zuwa shida su nuna ƙashin bai ƙaru ba, kuma gefensa ya fito. Amfanin wannan ba wai don tsoron dawowa kaɗai ba ne: ƙashin da ya yi iyaka, likita na ganin inda zai bi ya raba shi da tsoka da jijiya, jini ma bai kai na ɗanye zuba ba. Kafin aiki yawanci za a nemi hoton CT. Da tsada, na sani, amma shi ke nuna ainihin inda tsiron yake, gaba ko baya, ciki ko waje, ko ya haɗe ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu har tafi ya daina juyawa. Da shi ake zaɓar ta inda za a tsaga. Kada ka yi CT tun a wata na biyu don zumuɗi, za a sake sa ka wani.

Sai littafin nan naka ya nuna lambobi sun tsaya cak na tsawon sati shida zuwa wata biyu duk da kana gashi yadda ya kamata. Wanda yake ƙaruwa da digiri biyar kowane wata, a bar shi ya ci gaba.

Waɗanda lissafinsu ya bambanta

Akwai jijiyar da ke bi ta bayan ƙullutun ciki na gwiwar hannu, wadda in ta bugu kake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa. Ita tsiron ya fi matsewa. In ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi suka fara sagewa, ko ka kasa matse takarda tsakanin yatsu, ko maɓalli ya gagare ka, ko naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara faɗawa, kada ka jira ranar da aka rubuta maka. Ka koma a satin. Jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta dawo daidai ba, don haka a nan likita na iya shiga kafin ƙashin ya gama ƙosawa.

Mai raunin ƙwaƙwalwa, ba a ƙirga masa wata goma sha takwas ido rufe yanzu. Likitocin asibitin Garches da ke kusa da Faris, waɗanda suka yi ɗaruruwan irin wannan aiki, sun nuna cirewa da wuri ba ta ƙara dawowar ƙashin, jinkiri kuma gaɓar yake lalatawa. Abin dubawa shi ne mutumin: ya farfaɗo har yana gane umarni? Yana iya motsa hannun da kansa? An shawo kan sandarewar tsoka? Wanda tsokarsa ke fizgar hannu tana naɗewa, ko an cire ƙashin, hannun komawa zai yi inda ya saba.

Mai ƙuna, fata ce ke ba da izini. Sai ta rufe ta warke, dashen fata ya kama, sannan a yi maganar ƙashi, kuma hakan yakan kai su kusan shekara. Yara ƙanana kuwa ana ɗaga musu ƙafa, domin a jikinsu tsiron yakan ragu da kansa.

Zaɓen ranar

Wannan ɓangaren likita ba zai zaɓa maka ba, kuma a ganina nan aka fi yin asara. Tiyatar awa biyu ce ko uku. Abin da ke biyo baya wata uku ne zuwa shida na gashi, makonni shida na farko kusan kullum. A ɗakin tiyata, kana barci, za a sassaƙe ƙashin da ya tare, a saki jakar gaɓa, sau da yawa a 'yanta jijiyar nan ko a matsar da ita gaba, a tanƙwara hannun a miƙe shi ya tafi sumul. Wannan motsin aro ne aka ba ka. In ba ka riƙe shi da motsa jiki ba, cikin 'yan makonni tabo zai ƙwace shi, ko da ƙashi bai sake tsirowa ba.

Saboda haka ka duba rayuwarka kafin ka karɓi rana. Manomin da ke Ɗambatta ko Gaya, aka ba shi rana ana gab da shuka, na san ba zan gan shi ba sai bayan girbi. Gara a matsar da aikin wata biyu zuwa kaka. Ɗalibi, bayan jarrabawa. Mai niyyar Hajji, ko dai da tazarar wata huɗu zuwa shida kafin tashi, ko bayan dawowa. Mai shayarwa ta tabbatar akwai mai ɗaukar mata jariri. Bambancin wata shida da wata takwas ƙarami ne. Bambancin wanda ya yi gashi da wanda bai yi ba shi ne duka aikin.

Kuɗi ma haka. Mutane sukan tara na tiyata cif, su manta da kuɗin mota zuwa gashi, da maganin ciwo, da abin ɗaure hannu na dare. In garinku babu mai gashi, ka nemi ɗan uwan da za ka sauka wurinsa kusa da asibiti na wata ɗaya ko biyu. Kuma aikin nan na likitan ƙashi ne da ya saba da gwiwar hannu, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa. Ka tambaye shi kai tsaye: karayar ta haɗe? Me za a yi wa jijiyar? Yaushe zan fara motsi? Digiri nawa kake sa rai? Mai gaskiya ba zai yi maka alkawarin hannu kamar na da ba. Zai ce ana fatan hannun da zai ci abinci ya yi sana'a. Zai kuma gaya maka haɗarin: taɓuwar jijiya, taruwar jini, shigar ƙwayoyin cuta, da dawowar ƙashin ga wasu.

Bayan aiki

Motsi yana farawa cikin kwana ɗaya ko biyu, da ɗinki da komai. Ka sha maganin ciwo rabin awa zuwa awa ɗaya kafin gashi, jarumta a nan ba ta da amfani, mai jin azaba ba ya sakin hannu. Ka riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji in kana kwance. Da dare a ɗaure shi a ɓangaren da ya fi gardama, in miƙewa ce a miƙe, in tanƙwarawa ce a tanƙware, wasu kuma a riƙa musanyawa.

Don hana ƙashin dawowa, likitoci da yawa suna ba da Indocid, maganin ciwo da kumburi, na sati uku zuwa shida. E, shi dai wanda wasu ke saya a kemis su zuba wa ɓera. Kada ka saya wa kanka. Yana tayar da gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma iya hana karaya haɗewa, shi ya sa mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki da wanda ƙashinsa bai kama ba dole su faɗa tun kafin a rubuta. Ɗaya hanyar ita ce haske sau ɗaya cikin kwana uku bayan aiki. A wurinmu na'urorin kaɗan ne kuma masu ciwon daji na kan layi, don haka ba kasafai ake yi ba. Shi ma ba a yin sa a kan sabuwar karaya: wani gwaji a Amurka da aka buga a 2010 sai da aka dakatar da shi, saboda kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka haska karayarsu ba ta haɗe ba, alhali a waɗanda ba a haska ba kashi 4 ne.

Wanda ya karanta wannan kuma hannunsa ya shekara uku ko biyar a ƙage, ƙofa ba ta rufe ba. Ana cire tsiron bayan shekaru kuma a samu motsi mai amfani, matuƙar fuskar gaɓar ba ta cinye ba. CT ne zai nuna hakan. Ka tafi da duk hotunan da ka ajiye, har na ranar da ka faɗi, da takardar sallama ta aikin farko in an yi, domin likita na bukatar sanin irin ƙarfen da ke ciki da kuma ko an taɓa matsar da jijiyar.